Zangon Kumbo na Kano da Aikin Sararin Samaniya

Jawabi ga hakimai da malaman ofisoshinsu, a Bompai ta Kano

Maganar da aka taru dominta ta shafi tafiyar da 'yan Adam ke yi zuwa sararin samaniya, da irin ayyukan da ke cikinta. Mai yiwuwa wani ya ce a ransa, ina ruwan biri da gada? Hakimin da ke fama da rikicin iyakar gona, da ambaliya, da yaran da suka bar makaranta, me ya haɗa shi da kumbo? To, abu biyu suka haɗa su. Na fari, ƙasar Kano ta taɓa zama zango a kan hanyar kumbo, har mutumin da ke cikinsa ya yi magana da mutanen da ke zaune a bayan birni. Na biyu, mafi yawan aikin sama a ƙasa ake yinsa, kuma hannun da ke yinsa irin hannun da ke juya inji ne a nan Bompai, ko ya riƙe littafin ofis a gundumar hakimi.

Zaman Kano zango ba baƙon abu ba ne. Ayarin raƙuma daga Tarabulus, ta Gadamas da Agadas, watanni yakan yi a hanya kafin ya sauke kaya a Kasuwar Kurmi. Dogo ya iso Kano a 1911. Jiragen sama na farko da suka zo Nijeriya sun sauka a Kano a 1925, sun taso daga ƙasar Masar. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kuwa filin jirgin Kano ya zama mashayar manyan jirage masu zirga-zirga tsakanin Turai da kudancin Afirka. Saboda haka da Amurkawa suka shimfiɗa taswira suna neman inda za su kafa tashar sauraron kumbo a Afirka ta Yamma, ba su sha wahalar nema ba.

Ga yadda abin ya faro. Ranar 4 ga Oktoba 1957 Rasha ta harba tauraron ɗan Adam na farko, mai suna Sputnik. Hankalin Amurka ya tashi, ta kafa hukumar NASA a 1958, ta ɗora mata aikin aika mutum ya kewaya duniya ya komo da ransa. Aka sa wa shirin suna Mercury. Rasha ta sake riga ta, domin ranar 12 ga Afrilu 1961 Yuri Gagarin ya kewaya duniya sau ɗaya cikin minti 108.

Ya kamata a ɗan tsaya a fahimci yadda kumbo ke tafiya, domin a nan ne dalilin tashar Kano yake. Kumbo ba shi da fukafukai, ba kuma iska ke riƙe da shi ba, don inda yake babu iska. Yaro in ya wurga dutse da majajjawa, dutsen yakan yi nisa ya faɗo. In ƙarfin jifar ya ƙaru, nisan ya ƙaru. To, duniya ƙwallo ce. Idan roka ta ɗaga abu sama da mil ɗari, ta tura shi gaba da gudun mil 17,500 a sa'a guda, sai ya zama yana faɗowa kullum amma ba ya taɓa ƙasa, domin gwargwadon faɗowarsa gwargwadon yadda bayan duniya ke lanƙwashewa a ƙarƙashinsa. Haka zai yi ta kewayawa, kowane kewaye kamar sa'a ɗaya da rabi. Amma irin wayar iskar da ake magana da kumbo da ita miƙe take tafiya kamar hasken fitila, ba ta bin lanƙwasar duniya. Watau tasha ba ta jin kumbo sosai sai lokacin da ya ɓullo mata daga wannan gefen sama har ya faɗa wancan, abin da bai wuce minti shida ko bakwai ba. In ana so kada mutumin ya daɗe babu mai jinsa, sai a jera tashoshi a kan hanyarsa, wannan ta miƙa shi ga waccan, kamar yadda madugu ke tsara zango bayan zango kafin ayari ya tashi.

Tasha goma sha takwas aka shirya, har da jiragen ruwa biyu. Daga Cape Canaveral ta jihar Filorida kumbo zai tashi, ya bi ta Bamuda, ya ƙetare Tekun Atalantika, ya wuce tsibiran Kanari, sa'an nan ya karkata kudu maso gabas ya ratsa Afirka. Kano ce tasha ta biyar, Zanzibar ta shida, daga nan sai Tekun Indiya da Ostareliya da Hawai da Meziko. Gwamnatin Nijeriya da ta Amurka sun ƙulla yarjejeniya a kan tashar a cikin Oktoba 1960, watan da aka sami mulkin kai. A lokacin Alhaji Sir Abubakar Tafawa Balewa ne Firayim Minista, Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello ne Firimiyan Jihar Arewa, Sir Muhammadu Sanusi kuwa shi ne Sarkin Kano.

Zamanin na zargi ne. A Fabrairu 1960 Faransa ta fasa bam ɗin atom a Reggane cikin hamadar Aljeriya, jama'ar Afirka ta Yamma suka ji tsoron ƙurar da iskar arewa za ta kwaso, har Nijeriya ta kori jakadan Faransa a Janairu 1961. A Zanzibar mutane sun fita zanga-zanga suna cewa tashar Amurkawa sansanin makamai ce. Ba za a ga laifin mai tsoro ba a irin wannan lokaci, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Amma tashar Kano kunne ce da baki kawai. Akwai eriya mai bin kumbo tun daga ɓullowarsa, da na'urorin da ke karɓar rahoton da kumbo ke aikowa da kansa, watau zafin cikinsa, da yawan iskar shaƙa da ta rage, da man da ya saura, da bugun zuciyar mutumin da numfashinsa. In za a yi tafiya sai a aiko da mutum uku daga Amurka: mai magana da ɗan sama jannati, da injiniya mai duba lafiyar kumbo, da likita mai duba lafiyar mutum. Da kumbo ya wuce sai su buga abin da suka gani a na'urar telegiram, ya tafi ta wayar iska zuwa cibiyar lissafi ta Goddard a jihar Maryland da ɗakin shugabannin tafiya a Filorida.

An gwada hanyar da kumbo marar kowa a Satumba 1961, sa'an nan da wani biri mai suna Enos a ƙarshen Nuwamba, ya kewaya sau biyu ya sauko lafiya. Ranar Talata 20 ga Fabrairu 1962 John Glenn ya shiga kumbon Friendship 7, wanda faɗin gindinsa bai fi ƙafa shida da 'yan inci ba. Roka ta tashi da shi ƙarfe huɗu saura kwata na yamma agogon Nijeriya. Kafin a yi rabin sa'a yana bisa ƙasar Hausa, ana sallar la'asar. Ya leƙa ta taga ya gaya wa tashar Kano yana ganin ƙura ta turnuƙe ƙasa. Suka amsa masa cewa ai kwana bakwai ke nan ana iska mai ƙarfi. Duk wanda ya yi watan Fabrairu a Kano ya san abin da ya gani: hazon hunturu ne, wanda ke sa leɓe tsagewa, shi ne ya shiga cikin rahoton Ba'amurke na farko da ya kewaya duniya.

Tafiyar ba ta ƙare babu tashin hankali ba, kuma abin da ya faru ya cancanci masu masana'antu su saurara. A kewaye na biyu wata alama ta nuna a ɗakin shugabanni cewa garkuwar da ke gindin kumbo ta kwance. Ita ce ke kare mutum daga wutar da ke tashi sa'ad da kumbo ya faɗo cikin iska da wannan gudu. In ta rabu da kumbo, mutumin ya ƙone. Aka umarci tashoshi su duba alamar, aka yi ta shawara, daga ƙarshe aka ce wa Glenn kada ya yar da rokokin rage gudu da ke ɗaure a kan garkuwar, ko ɗaurinsu ya riƙe ta. Ya sauko cikin Tekun Atalantika bayan kewaye uku, sa'a huɗu da minti 55. Da aka bincika sai aka tarar garkuwar lafiyarta ƙalau. Wani ɗan makunni ne, wanda bai kai babban yatsa ba, ya lalace yana ba da labarin ƙarya. Dubban ma'aikata, da dukiya mai yawa, da ran mutum, duk sun rataya na 'yan sa'o'i a kan aikin wanda ya ƙera ɗan ƙarfen nan da wanda ya ɗaura shi.

Bayan Glenn wasu uku sun bi hanyar: Scott Carpenter a Mayu 1962, Walter Schirra a Oktoba 1962, da Gordon Cooper a Mayu 1963, wanda ya kewaya sau 22. A cikin shekarar nan kuma, ranar 23 ga Agusta 1963, Shugaba Kennedy ya yi magana da Tafawa Balewa ta tauraron Syncom 2, muryar ta bi ta wani jirgin ruwan Amurka mai suna Kingsport da ke tsaye a tashar Ikko. Shi ne karo na farko da shugabannin gwamnati biyu suka yi zance ta tauraron ɗan Adam. A cikin hirar har aka yi maganar ɗan damben Nijeriya Dick Tiger, wanda ya yi nasara a Ibadan. An rufe tashar Zanzibar a 1964 bayan juyin mulkin tsibirin, ta Kano kuwa ta ci gaba da aiki cikin shirin Gemini mai ɗaukar mutum biyu, wanda aka gama a ƙarshen 1966. Daga nan hanyar tafiya wata ta buƙaci wasu irin tashoshi a wasu wurare, aikin zangon Kano ya ƙare.

A nan ne abin tunani yake. Labarin kumbo ya shiga bakin jama'a, har Alhaji Mamman Shata ya yi waƙar Kumbo Apollo 11, Umaru Dembo kuma ya rubuta littafin Tauraruwa Mai Wutsiya. Amma gwanayen da suka sarrafa na'urorin tashar daga Amurka aka kawo su, da suka tashi kuwa ilmin ya bi masu shi. A dubi abin da ya faru a wasu wurare. Tashar tsibiran Kanari ta koma hannun hukumar Sifen ta ci gaba da aiki. Tashar da NASA ta kafa a Hartebeesthoek ta Afirka ta Kudu a 1961, da Amurkawa suka janye a tsakiyar shekarun 1970 'yan ƙasar suka karɓe ta, domin sun riga sun koyi aikin, ta zama tushen hukumar sararin samaniyar ƙasarsu. A nan kuwa babu isassun waɗanda aka horar, ga yaƙin basasa ya biyo baya daga 1967 zuwa 1970. Sai da aka yi shekara talatin da 'yan kai kafin Nijeriya ta sake sa hannu cikin aikin da gaske.

A 1999 Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumar binciken sararin samaniya, wadda ake kira NASRDA, hedkwatarta a Abuja. Daga cikin cibiyoyinta akwai ta nazarin hotunan ƙasa a Jos, da ta awon motsin ƙasa a Toro ta ƙasar Bauchi. A Satumba 2003 aka harba NigeriaSat-1 daga Plesetsk ta Rasha. Kamfanin Surrey na Ingila ya ƙera shi, amma a wannan karon an yi dabara, an sa sharaɗin injiniyoyin Nijeriya goma sha biyar su zauna a ma'aikatar su koya. Tauraron ya shiga ƙungiyar taurarin da ke ɗaukar hoton wuraren da bala'i ya auka wa, ya aiko da hotunan ɓarnar guguwar Katrina a Amurka a 2005, ya yi aiki har 2012. Ranar 17 ga Agusta 2011 aka harba wasu biyu tare, NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X, na biyun kuwa hannun injiniyoyin Nijeriya ne ya haɗa shi a Ingila. A 2017 ɗaliban Jami'ar Fasaha ta Akure, tare da wata jami'ar Japan, suka ƙera wani ɗan ƙarami wanda mutum zai ɗauka a tafin hannu, aka sake shi daga tashar ƙasa da ƙasa ta sararin samaniya.

Ba duka aka ci riba ba. Tauraron sadarwa NigComSat-1, wanda Sin ta ƙera ta harba a Mayu 2007, ya mutu a Nuwamba 2008 saboda fukafukansa masu karɓar hasken rana sun daina ba da wuta. Aka maye gurbinsa da NigComSat-1R a Disamba 2011. Kuma tauraro ba ya dawwama. An ƙayyade wa NigeriaSat-2 shekara bakwai, NigComSat-1R shekara goma sha biyar. Ƙasar da ta sayi tauraro ba ta tanadi masu ƙera magajinsa ba, kullum za ta koma kasuwa da kuɗin waje a hannu.

A sauran duniya kuwa tseren ya sake zafi. Amurka ta aika kumbon Artemis na farko ya kewaya wata babu kowa ciki a ƙarshen 2022, kuma a Disamba na shekarar Nijeriya da Ruwanda suka zama ƙasashen Afirka na farko da suka sa hannu a yarjejeniyar Artemis. Indiya ta sauke Chandrayaan-3 kusa da kudancin wata ranar 23 ga Agusta 2023, shekara sittin cif bayan hirar Kennedy da Tafawa Balewa. Sin ta ɗebo ƙasa daga bayan wata, gefen da ba a gani daga duniya, a Yuni 2024. A 2025 aka buɗe Hukumar Sararin Samaniya ta Afirka a Alƙahira. Indiya ce abar dubawa a cikinsu, domin ba da wata ta fara ba. Shekara da shekaru ta yi tana ƙera taurarin duba damina da gonaki da kai darasi ƙauyuka, kafin ta ɗaga kai.

To, me tauraro ke yi wa gundumar hakimi? Misali mafi kusa shi ne yaƙi da cutar shan inna. Shekaru da dama masu allurar rigakafi suna fita da taswirar da aka zana da hannu, ana cewa an gama unguwa kaza, amma cutar ba ta yanke ba. Daga 2012 aka ɗauko hotunan tauraro na jihohin Arewa, aka bi su gida gida ana zana kowane gari da ƙauye da ruga, aka kuma ba masu allura wayoyin da ke nuna inda ƙafarsu ta taka. Sai ga ƙananan ƙauyuka da rugage waɗanda ba sa cikin tsohuwar taswira, da wasu da ke kan iyakar gunduma biyu, kowace tana zaton na ɗayar ne. Amma a lura: hoto ya nuna rufin ɗaki, bai san sunan gari ba, bai san mai unguwar da ke riƙe da shi ba, bai san ko mutanen suna nan ko sun tafi cin rani ba. Dagatai da masu unguwanni da malaman hakimai ne suka ba da wannan, da shi hoton ya zama taswira. An ga yaro na ƙarshe da asalin ƙwayar cutar ta kama a Jihar Kano a ƙasar Sumaila a Yuli 2014, ranar 25 ga Agusta 2020 kuma aka tabbatar Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar. Malamin da ya zauna ya gyara sunan ƙauye a kan wannan taswira ya yi aikin sararin samaniya, ko da bai sani ba.

Haka abin yake a sauran fannoni. Hotunan da aka ɗauka tun shekarun 1960 su ne shaidar yadda Tafkin Chadi ya janye, har ya rasa wajen kashi tara cikin goma na faɗinsa a fari na shekarun 1970 da 1980. Daga sama ake ganin yadda ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa a fadamar Haɗejiya da Nguru bayan gina madatsun Tiga da Challawa. Da madatsar Alau ta ɓalle a Satumba 2024 ruwa ya ci Maiduguri, da hoton tauraro aka auna unguwannin da suka nutse. Hasashen damina da hukumar yanayi ke fitarwa kowace shekara, da taimakon taurari ake yinsa. Su kansu masana'antun nan ba su ɓoyu ba. Ruwan dattin Bompai da ke bin rafin Getsi ya haɗu da Jakara, da na majemun Challawa da Sharaɗa da ke gangarawa kogin Challawa, manoman lambu na ban ruwa da shi, kuma daga sama ana iya bin sawunsa a ga gonakin da ya ratsa. Tauraron NigeriaSat-2 an yi shi ya rarrabe abin da ya kai faɗin ƙafa takwas, watau yana ganin gida da kududdufi, ba ya ganin fuskar mutum. Ba ya kuma faɗin irin gubar da ke cikin ruwa, sai an je an ɗebo an auna. Hakimin da aka kawo wa ƙarar ruwa ya ɓata gona yana da ikon neman ofishin safiyo ko na muhalli ya nuna masa hoton wurin na bana da na shekarun baya.

Sai maganar aiki ga yara masu tasowa. Abin da yaro ke gani a talabijin shi ne ɗan sama jannati cikin farar riga. Amma a san wannan: mutum goma sha biyu kaɗai suka taka wata tsakanin 1969 da 1972, waɗanda suka yi aikin shirin Apollo kuwa sun kai wajen 400,000. A cikinsu akwai masu walda, da masu feƙe ƙarfe a inji, da masu haɗa waya, da masu awo, da mata maɗinka waɗanda suka ɗinka rigunan da hannu da keke, da akawuna masu ajiye lissafin kowane ƙusa. Kafin Glenn ya yarda ya tashi sai da ya nemi wata mata baƙar fata, Katherine Johnson, ta sake bin lissafin hanyar da kwamfuta ta fitar, ta tabbatar da shi da hannunta. Malama ce mai alƙalami da takarda, ta rasu a 2020 tana da shekara 101. Daga nan kusa kuma akwai Cheick Modibo Diarra, haifaffen Nioro ta ƙasar Mali, wanda ya yi aikin lissafin hanyar kumbuna a NASA, har da Pathfinder da ya sauka a duniyar Mars a 1997, daga baya ya zama Firayim Ministan ƙasarsa a 2012.

Lissafi da duban taurari ba baƙi ba ne a ƙasar Hausa. Manomi ya san abin da fitowar Kaza da 'Ya'yanta ke nufi ga damina, matafiyi ya san Gamzaki. Malam Muhammadu al-Kashinawi, Bakatsine, ya rubuta littattafan hisabi da falaki da Larabci, ya rasu a Alƙahira a 1741. Abin da ya ragu shi ne a haɗa wannan kai da hannu mai tsabtar aiki, wurin koyon hannun kuwa shi ne irin wannan unguwa. Bompai ce tsohuwar unguwar masana'antun Kano, tun zamanin dalar gyada, Sharaɗa da Challawa suka biyo baya. Kowa ya san da yawa daga cikin ma'aikatun sun rufe tun daga shekarun 1980 saboda ƙarancin wutar lantarki da kayan waje masu araha. Hasarar da ba a cika lissafawa ba ita ce ta gwanaye: duk ma'aikatar da ta rufe, an rasa wurin da yaro zai tsaya bayan ubangidansa ya koyi auna ƙarfe har ya san bambancin da bai kai kaurin gashi ba. Ƙasar da ba ta iya ƙera famfon ban ruwa mai ƙarko ba, ba za ta ƙera makunnin da za a dogara da shi a sama ba, inda babu makanike.

Hanyar kuwa a buɗe take. Tana farawa da lissafin firamare, wanda in yaro ya rasa shi da wuya ya cim masa daga baya. Jihar Kano ta kafa makarantun sakandaren kimiyya a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa tun 1977, na 'yan mata suka biyo baya, kuma sun fitar da likitoci da injiniyoyi masu yawa. Daga nan akwai Kwalejin Fasaha ta Kano, da Jami'ar Bayero, da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Wudil, da Jami'ar Ahmadu Bello da Makarantar Koyon Aikin Jirgin Sama a Zariya, da makarantar fasaha ta sojan sama a Kaduna. Wanda ya karanta injiniyan lantarki, ko na inji, ko safiyo, ko labarin ƙasa, ko ilmin kwamfuta, ko na yanayi, duk yana da ƙofa. Ko bai sami gurbi a hukumar Abuja ba, domin guraben kaɗan ne, ilmin nan shi ake nema a ofishin filaye, da kamfanonin waya, da hukumomin kogi, da ma'aikatun nan na Bompai. Sai dai a gargaɗi iyaye: duk wanda ya zo yana neman kuɗi don ya samar wa yaro aiki a wata hukumar sama ta ƙasar waje, ɗan damfara ne.

Abin da ake roƙon hakimai bai fi ƙarfinsu ba. In sun fita rangadi su tambayi shugabannin makarantu wane yaro ko yarinya ke gaba a lissafi, malami ya rubuta sunan, a bi sawu a ga ya zauna jarrabawar shiga makarantar kimiyya, kada talla ko rashin kuɗin mota su tare shi. Masu ma'aikatu da ke gundumarsu a yi musu magana su riƙa karɓar ɗaliban da ake turowa koyon aiki, su sa su a gaban inji, kada a mai da su 'yan aike. In ma'aikatan taswira sun zo da hotuna, a haɗa su da dagacin da ya san kowace ruga, a kuma nemi su bar wa ofishin hakimi kwafi.

Akwai kuma wani aiki da ba zai jira ba, na malamai ne musamman. Wanda yake saurayi ɗan shekara ashirin ranar da Glenn ya wuce bisa Kano, yanzu ya haura tamanin. A ƙauyukan bayan birni ba za a rasa dattawan da suka ga dogayen eriyoyin nan ba, ko suka yi wa Amurkawan aiki, ko suka ji abin da aka riƙa faɗa a kasuwa game da su. Malamin da ya sami irin wannan dattijo ya zauna da shi, ya rubuta sunansa da garinsa da abin da ya gani da idonsa, ya ware shi daga abin da ya ji a bakin wasu, in akwai tsohon hoto ko takardar sallama a ɗauki hotonta. Sa'an nan a aika da kwafi ta hannun hakimi zuwa Hukumar Tarihi da Al'adu ta Kano a Gidan Ɗan Hausa, a ajiye ɗaya a ofishin gunduma.